Daga Abakpa Zuwa Zariya a Jif Mai Lantarki

Kaduna gari ne da ya daɗe da sanin ƙarfe mai tafiya, domin kafin Gwamna Lugga ya taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru ya kafa ta a bakin kogin Kaduna a 1917, jirgin ƙasa ya riga ya ratsa dajin ya nufi Kano. Kuma a nan ne, a Kakuri, kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a 1975, har ta kai 504 ta zama abin hawan alƙali da malamin makaranta da direban tasha, ba tare da ɗayansu ya ga ta yi masa kaɗan ba. Saboda haka mutanen garin ba su cika tsayawa kallon mota ba, sai fa in ta zo da wani al'amari da ba su saba gani ba, irin wadda na tarar a ƙofar gidan ƙanwata a Abakpa, sa'ad da zumunci ya kai ni can a ƙarshen damina.

Abakpa tana arewa da kogi, maƙwabciyar Unguwar Shanu, tsohuwar unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, inda Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba suka daɗe suna shan ruwan famfo ɗaya, gidaje a matse, lunguna ƙuntatattu, galibin ɗakuna kuwa na haya. Ɗan ƙanwar tawa dillalin motoci ne, shi ne ya shigo da ita daga ƙasar Sin, wata ƙaramar jif mai kujeru biyar, yana hawa yana gwadawa kafin Allah ya kawo mai saye. Da ya ɗaga mini murfin gaba, na leƙa ban ga fulogi ba, ban ga ma'aunin baƙin mai ba, na zaga baya babu salansa. Abin da ke akwai sai wasu kaurara wayoyi masu ruwan goro, batirin kuwa, in ji shi, yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunmu daga tayar gaba har ta baya.

Ya ce, "Kawu, wannan ba ta san gidan mai ba, ba ta san bakanike ba. Wanda ya saye ta ya huta."

Na ce masa malaman fiƙihu ba su karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo wa kansa amfani, dillali kuwa shi ne farkon wanda wannan hukunci ya hau kansa. Saboda haka sai in na hau na gani. Aka yi dace muna da ɗaurin aure a Zariya ranar Juma'a, muka yanke shawara a cikinta za mu tafi.

Kafin in shiga labarin hanya, ya kamata mai karatu ya san cewa irin wannan mota ba baƙuwa ba ce ƙwarai a Nijeriya. A watan Nuwamba na 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki a Legas, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a can, aka sa mata kuɗi kimanin naira miliyan 24, aka kuma ce batirinta mai cin yunit 64 yana kai ta kilomita 482 a caji ɗaya. Wanda ya fi kowa tsaya wa lamarin a lokacin shi ne Jelani Aliyu, haifaffen Kaduna ɗan asalin Sakkwato, wanda ya zana surar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, sannan ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, aka yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Mai hankali zai lura cewa duk a cikin jami'o'i aka kafa su, wato inda ake nazarin abu, ba a tashar Kawo ko Kwangila ba, inda ake hawansa.

A cikin gari, ba zan ɓoye ba, motar ta burge ni. Ya danna wani maɓalli, ban ji komai ba, sai na ga bangon maƙwabta yana wucewa. Da muka hau titin Ali Akilu ya taka totur, ta zabura nan take, babu jiran canjin giya, babu karkarwa, babu warin hayaƙi. Muna magana da muryar zaure, har ina jin kiran sallar La'asar daga masallacin Sultan Bello gilashi a rufe. Hikimar da ta fi ba ni sha'awa ita ce, duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa ko ya taɓa birki, injin yakan juye ya zama mai samar da wuta, ya mayar wa batir wani abu daga ƙarfin da a motar fetur zafi yake zama ya bi iska. Wannan ne dalilin da ya sa cunkoson kasuwa, wanda yake ƙone man mai mota yana tsaye wuri ɗaya, bai cika cin wannan da komai ba in ban da abin da na'urar sanyi ta sha. Injin fetur, duk kyawunsa, abin da yake mayarwa tafiya daga ƙarfin man da ya sha bai cika wuce sulusi ba. Na lantarki kuwa yana wuce kashi uku cikin huɗu.

Sai batun aljihu, wanda shi ne asalin abin da ya sa ake wannan zance. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a garuruwan Arewa. To, ƙaramar jif ta fetur tana shan wajen lita takwas a kilomita ɗari, wato kimanin naira 8,000 a wancan farashi; takwararta ta lantarki tana cin wajen yunit 15, wanda ko an yi lissafi da kuɗin wuta mafi tsada, naira 225 kowane yunit da aka yanka wa 'yan rukunin A na masu amfani da wuta a Afrilun 2024, bai kai 4,000 ba. In aka haɗa da cewa babu juyen baƙin mai, babu kuloci, babu fulogi, birki kuma yana daɗewa, sai a ga dillali bai yi ƙarya ba a wannan babi, ya dai faɗi rabin magana ne.

Shirun nata ma yana da nasa aibi. A lungunan Abakpa, inda yara suke wasa a tsakiyar hanya, awaki suna kwance, tsofaffi suna tafe da sanda, da kunne ake kauce wa mota ba da ido ba. Mun sha zuwa dab da mutum bai san da mu ba sai an yi masa oda, ya waiwayo a firgice. Saboda wannan illa ne ƙasashen Turai suka wajabta a sa wa irin waɗannan motoci wata ƙara ta musamman in suna tafiya a hankali, amma ƙarar da aka auna da titin Turai ba lalle ta ratsa hayaniyar injin markaɗe da janareta ba.

Ragowar rabin maganar da dare ta bayyana. Gidan irin ginin da ne, mai zaure, mota ba ta shiga. Sai aka zuro waya ta tagar ɗaki aka ratsa kwata da ita aka jona, aka sa wani yaro gadi don kada a wayi gari babu wayar. Soket na gida kuwa abin da yake bayarwa bai wuce yunit biyu ko uku a awa ba, saboda haka cika batiri mai cin yunit hamsin ko sittin da shi kamar cika randa ne da ludayi: sai an yi kwana da yini wuta ba ta ƙifta ba. Mai na'urar caji ta bango, wadda ake kafawa a gida, yana gamawa a awa tara ko goma. Babbar na'ura ta tasha tana kai batir kashi 80 cikin ɗari a kimanin awa guda, amma ba mu da ko ɗaya daga cikin biyun. Ba mu daɗe da idar da Isha'i ba aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita can tsakar dare kuma ta zo ba ƙarfi, motar ta ƙi karɓa.

A nan ne wata mas'ala ta taso wadda ban taɓa jin masu tallar motocin nan sun ambata ba. Mita ɗaya ce a gidan, masu gida da 'yan haya suna karo-karo su sayi yunit. Wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, wadda abincin 'ya'yanta ya rataya a kan firji, ta yi sallama da safe cikin ladabi ta tambayi ƙanwata yadda za a yi lissafin wannan wata. Tana da gaskiya, domin abin da motar za ta sha a cika ɗaya ya kusa abin da ɗaki mai ƙwan fitila da fanka da talabijin yake ci a wata guda. Ɗan ƙanwar tawa ya biya, ya kuma ba da haƙuri, amma haƙƙin bai tsaya a cikin gida ba: taransifomar da unguwa take rabawa, wadda tun asali an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, in gida goma suka jona mota a dare ɗaya, kowa ya san wanda zai kwana a duhu, kuma ba masu motocin kaɗai ba ne. Na tambaye shi ko janareta zai fisshe mu. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai an koma gidan jiya." Haka ne kuwa, domin ƙaramin janareta bai cika ba da abin da ya wuce yunit biyu a litar fetur ba, sai ka ga man da aka guje wa a gidan mai an zo an ƙone shi a tsakar gida, an ƙara da hana maƙwabta barci.

Ala ayyi halin, da ɗan abin da aka tara a darare kafin Juma'a muka kama hanya da hantsi, mu biyar, duk cikin manyan riguna. A nan na gane ma'anar kalmar ƙarama a jikina, domin kujerar baya ta mutum biyu ce da yaro, ƙasan motar kuma ya ɗago saboda batir, sai gwiwa ta tashi sama. But ɗin ma da aka sa buhun shinkafa na gudummawa da 'yar jaka, ya cika. Muka haye gadar Kawo, muka bar Rigachikun, hanya ta miƙe, yaro ya saki ƙafa. Akwai lamba a gaban direba mai nuna kilomita nawa suka rage, ita ce ta zama abin kallonmu. Tun kafin Mararrabar Jos na lura tana sauka fiye da tafiyar da muke yi. Illar ita ce wannan mota kishiyar ta fetur ce: waccan ta fi tsimi a doguwar hanya, wannan ta fi tsimi a gari, domin a kan kwalta babu birkin da zai mayar da wuta, iska kuma tana ƙara turjiya gwargwadon gudu, ga nauyin mutum biyar, ga na'urar sanyi tana faɗa da ranar Oktoba. Adadin da kamfani yake rubutawa a takarda an auna shi ne a yanayin da ba namu ba. Mai hankali ya zubar da rubu'insa kafin ya ƙulla niyyar tafiya.

Bayan Birnin Yero, inda ruwan damina ya ɓata wata karkatacciyar hanya da muka ratsa don ɗaukar wani dattijo saƙo, na ga yadda direban yake lallaɓa ta a kan kowane tudu yana cije leɓe. Sunanta jif, tsayinta na jif, amma batir ya ƙara mata nauyin da ya kai na mutum huɗu ko biyar, kuma dukiyar motar gaba ɗaya tana ƙasa, inda dutse yake. Mai 504 in ya bugi ƙasa salansa yake ɗaurewa da waya ya wuce. Nauyin dai yana da nasa alfanu, domin da yake a ƙasa yake, motar tana zama daram a kwana, ba ta tangaɗi irin na dogayen motoci.

A Jaji muka wuce 'yan bumburutu sun jera jarkoki a bakin hanya, wani daga cikinmu ya ce yau dai sun rasa ciniki. Na ce masa kada ya yi saurin yi musu dariya, domin su ne tabbacin cewa mai motar fetur ba ya kwana a daji: in mansa ya ƙare, ɗan acaɓa zai kawo masa galan, mu kuwa in namu ya ƙare, babu jarkar da ake zuba lantarki, sai a nemo motar janwe, ita kuma gas take sha. Daga nan hira ta gangara kan ko tafiyar Kaduna zuwa Zariya, wadda take wajen kilomita 80, ta kai a yi sallar ƙasaru, tun da malamanmu na Malikiyya sun ƙayyade mil arba'in da takwas. Aka yi ta ja, wani ya ce daga ƙarshen gine-gine ake soma ƙirga, Kaduna kuwa kullum ƙara miƙewa take yi tana cin nisan. Ba a kai ga fatawa ba muka hango ganuwar Zazzau.

A bakin Ƙofar Doka da cikin birni ta tara mana jama'a fiye da ango. Tambayoyin kowa biyu ne, nawa take, sannan ina ake sa mata wuta. Ta farko tana da amsa. Bayan an shafa fatiha wani ya kawo shawara mu zarce Kano gaida wani ɗan'uwa, sai direba ya duba lambarsa ya girgiza kai. Kano daga Kaduna wajen kilomita 230 ce, cikakken batiri zai kai, amma sai a kwana ana caji kafin a juyo. Sakkwato kuwa, inda waccan tasha ta jami'a take, ta doshi kilomita 500, ba a isa gare ta sai an yada zango. Muka juyo gida da gudu na ladabi, gilashi a sauke, na'urar sanyi a kashe, manyan motoci suna wuce mu, muka shiga Kawo ana kiran Magariba da ɗan abin da ya rage.

Washegari na zauna da wani maƙwabcinsu, dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar motoci ta Kakuri kafin ya buɗe garejinsa, na tambaye shi ra'ayinsa. Ya ce, "Malam, ni ban ƙi ta ba, aikinta mai tsabta ne. Amma duk abin da ya lalace a motar da na sani, in babu shi a shago, 'yan Panteka za su ƙera mini shi kafin Azahar. Wannan fa? Wutar da ke cikin wayoyin nan ta kusa bolt ɗari huɗu, yaron da ya sa sifana ba da ilmi ba sai dai a yi masa sutura." Maganarsa ta dace da abin da aka sani. Batir shi ne mafi tsadar abin da ke jikin motar, yana kuma raguwa da shekaru, zafi yana gaggauta tsufansa, mu kuwa Allah ya hore mana zafi. Kamfanoni sukan ba shi lamunin shekara takwas ko kilomita 160,000, amma galibinmu ba sabuwar mota muke saye ba, ta hannu muke jira daga Kwatano, wadda za ta iso bayan lamunin ya ƙare ko ya kusa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a farkon 2021 Hyundai ta yi kiranyen motoci sama da 80,000 a duniya, galibinsu Kona, don a sauya musu batir saboda haɗarin gobara. Wanda ya saya ta hannun wakili an sauya masa. Wanda ya saya a bakin titi, wa zai kira shi?

Ba na cikin masu cewa wannan abu na Turawa ne, ba zai yi a ƙasarmu ba. Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu shan mai tun 2024, amma sai da ta dogara da madatsar ruwanta ta kogin Nilu, wadda ita kaɗai ƙarfinta ya haura megawat 5,000, kwatankwacin abin da Nijeriya gaba ɗaya take rabawa mutum fiye da miliyan 200 a rana mai kyau. Mu kuwa ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya biyo ta Binuwai shi ma ya samu matsala, galibin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Da a ce abin hawan jama'a ya rataya a kan wannan waya, da an rasa haske da tafiya a lokaci ɗaya. Mafita ta zahiri ita ce rana, wadda ba a yi mana rowarta ba: faranti bakwai ko takwas na sola masu girma suna iya tara abin da zai kai motar kilomita ɗari a yini. Sai dai motar tana waje da rana, tana gida da dare, don haka la budda a sayi wani batirin na ajiya, kuɗi a kan kuɗi, a kuma riƙa share ƙurar hunturu. A Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya soma mai da ƙananan bas-bas na haya masu lantarki, gwamnatin Borno kuma ta shigo da tasi irinsu, an kama bakin zaren ta inda ya dace, domin motar haya tana zagaye gari ne, tana komawa tasha ɗaya ta kwana, kuma kuɗin man da aka rage talaka ne yake ganinsa a kuɗin mota. In lantarki zai shigo Abakpa da alheri, ina kyautata zaton a kan Keke Napep da babur zai shigo, ba a kan jif ba.

Hukuncina a kanta shi ne, mota ce tagari ga mai gida na kansa da get da sola, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce ofis da kasuwa da makarantar yara ba, yana kuma da wata ta fetur a gefe saboda ranar ta'aziyya a Gusau. Ga mai ɗakin haya da mitar karo-karo, wanda mota ɗaya ce zai mallaka a rayuwarsa, lokacinta bai yi ba tukuna. Kai kuma mai karatu da ka ji tana raya maka, kafin ka tambayi dillali kuɗin motar, tambaye shi kuɗin batirinta da sunan wanda zai gyara ta a garinku, sannan ka sami takarda ka rubuta awa nawa wuta take zama a gidanka kowane dare har wata ya cika.